Tambaya da Amsa: Garayar Kawu Ba Ta Riƙe Saiti

TAMBAYA

 Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Batsari, ta wajen Ruma. Kawuna makaɗin mafarauta ne. Allah ya yi masa rasuwa bara, garayarsa kuma ta faɗo hannuna, domin ni nake riƙe masa jaka tun ina yaro. Hannuna ya fara faɗawa, amma abu guda ya hana ni sakat: garayar ba ta riƙe saiti. Sai in gyara ta da safe, kafin azahar ta sauya murya. Da hunturu takan yi tsini har in ji tsoron tsirkiya za ta tsinke, da damina kuma sai ta kwanta kamar mai mura. Na sa manhajar saita jita a wayata, amma allurar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kwanan nan na ga bidiyon ƙungiyar King Sunny Ade, wani yana kaɗa jita a kwance mai tsirkiya da yawa, yana taka feda da ƙafa, kuma ko sau ɗaya ban ga ya tsaya gyara ba. Wani abokina ya ce in kai garayar wurin kafinta ranar kasuwa ya sa mata maɓallan jita, in huta. Shin garayar ce ta tsufa, ko ni ne ban iya ba? Kuma in sa maɓallan?

Wani matashi, daga Batsari

AMSA

Ƙanena, Allah ya jiƙan kawu, ya kyautata makwancinsa, kai kuma ya sa wa hannunka albarka. Ka kwantar da hankalinka, bisa abin da ka zayyana garayarka lafiyarta ƙalau. Duk abin kiɗan da aka haɗa da ice da fata da tsirkiya yana motsi dare da rana, kuma gyara shi wani ɓangare ne na kiɗan kansa. Kawu ma yana gyarawa. Ya dai saba ne har hannunsa na yi ba tare da mai kallo ya lura ba.

Bari mu fara da jitar da ka gani, tun da ita ta sa ka fara zargin garayarka. Ana kwantar da ita a kan ƙafafu huɗu, makaɗin ya zauna a gabanta riƙe da ɗan guntun ƙarfe mai sulɓi yana zamewa da shi a kan tsirkiyoyin. Wannan salon ya fito ne daga tsibirin Hawayi a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka ƙara masa feda a Amurka. Wanda ya yi suna da ita a ƙungiyar Sunny Ade shi ne Demola Adepoju. Amonta ya zagaya duniya a faifan Juju Music na 1982, kuma shi Demola ne ya kaɗa ta a waƙar Graceland ta Paul Simon a 1986.

Kai kana ganin ƙarfe da maɓallai sai ka ɗauka mai ita ya huta. Ina! Da wuya ka samu abin kiɗa mai tsirkiya da ya fi ta wahalar saiti. Wuya ɗaya nata yana ɗauke da tsirkiya 10, wasu ma wuya biyu gare su, tsirkiya 20 ke nan. Kowace feda, da kowane ƙarfen da ake turawa da gwiwa, jan wasu tsirkiyoyin yake yi ko ya sassauta su zuwa wata muryar dabam. Don haka makaɗin sai ya saita kowace tsirkiya a sake ta wajen maɓallan hagu, sannan ya taka feda ya sake saita ta da ɗan makulli ta wajen dama. Bayan wannan akwai abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya: da zarar ya taka feda, jikin jitar yakan ɗan lanƙwasa yadda ido ba zai gani ba, sai tsirkiyoyin da ko taɓa su bai yi ba su ɗan sauka. Tsirkiyar da aka sassauta aka saki kuma ba kullum take komawa daidai inda take ba, saboda gogayya a inda ta hau. Mafi siranta a cikinsu, wadda kaurinta bai wuce inci 0.011 ba, ta yi ƙaurin suna wajen tsinkewa a tsakiyar wasa. Ba ka ga mutumin ya tsaya gyara ba ne domin ya gama wahalarsa kafin a kunna kyamara. Ka riƙe batun lanƙwasar nan a ranka, garayarka ma tana da irin tata.

Muryar tsirkiya abu uku ke yanke ta: tsawonta, kaurinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. Wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya rubuta ƙa'idar tun 1636, kuma masu garaya sun san ta da hannu ko ba su taɓa jin sunansa ba. In ka danne tsirkiya a daidai rabinta, muryar takan ninka, ta koma sama da zango guda cif. In kuwa da ja kake so ka ninka ta, sai ka ja ninki 4. A lissafin Turawa, da suka raba zangon gida 12, ƙarin ja na kusan kashi 12 cikin 100 ya isa ya hau da murya gida ɗaya. Ka ga ke nan ba sai ɗaurin da ke riƙe tsirkiya ya kwance ba kafin kunne ya ji bambanci. Zamewar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa.

Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka kafin ka gyara komai ka gano inda sakin yake fitowa. Ranar da garayar ta zauna yadda kake so, ɗauki biro ka ja ɗan layi a jikin gora daidai bakin kowane ɗaurin fata, ka kuma zagaye ƙafafun jaki, wato abin da ke tallafe tsirkiya, da fensir a kan fatar. Ka yi kiɗanka. In murya ta sauya, duba layukan. In ɗauri ya bar layinsa, shi ne mai laifi. In jaki ya gusa ko ya karkata, ka mayar da shi mazauninsa. In kuwa duk suna nan inda ka bar su amma murya ta tafi, to tsirkiyar ce ke miƙewa, ko kuma fatar ce ta amsa kiran iska.

Ina kyautata zaton saki na tsakanin safe da azahar daga ɗauri yake. Garayar da ta shekara da shekaru a hannu, gorarta takan yi sumul saboda gumi da maiƙon hannu, fatar ɗaurin kuma ta bushe ta ƙandare, sai ta daina kama gora. Kada ka kuskura ka shafa mata mai don ta yi laushi, ƙara mata santsi za ka yi. Ka goge wurin da busasshen tsumma, ka daka ɗan ƙaro irin wanda masu goge ke gogawa a izga, ka murza garinsa a ƙarƙashin ɗaurin. In fatar ta mutu sarai, a yanko sabon siririn ƙirgi, a jiƙa shi, a naɗa shi da danshinsa, a bar shi ya bushe a inuwa. Yana bushewa yana tsukewa, har ya rungume gorar. Sai ya bushe ƙayau za ka ɗora masa nauyin tsirkiya.

Shi kansa turin ɗaurin akwai yadda ake yinsa. Na taɓa zama dab da wani dattijon mai garaya a taron mafarauta a ƙasar Safana, na zuba wa hannunsa ido. Ya tokare gindin garayar da cikinsa, ya kama gora da hagu, ya sa babban yatsa a bayan ɗaurin. Ba ya tura shi kai tsaye. Murɗa shi yake yi, dama, hagu, dama, yana ɗan ingiza shi gaba a cikin murɗawar, ɗayan hannun kuma na ta taɓa tsirkiyar ba fasawa, yana bin ta da ƙaramar murya a maƙogwaro. Da ya ga ya wuce inda yake nema, bai tsaya ja da baya kaɗan-kaɗan ba. Ya sassauto ta ƙasa sosai, sannan ya sake hawowa a hankali. Da ta zauna, sai ya sa yatsa ya ɗaga tsirkiyar daga kan jaki ya sake ta, ya ƙara saurarawa. Wannan duka hikima ce mai dalili. Tsirkiya takan maƙale a bakin jaki, sai ja ya fi yawa a gefe ɗaya. In ka sauko daga sama ka tsaya, ragowar sakin yana ɓoye, bugun farko mai ƙarfi zai fito da shi, murya ta faɗi. In daga ƙasa ka hawo, babu abin da ya rage a ɓoye. Masu jitar feda ma haka suke yi, daga ƙasa suke hawowa kullum.

Ga inda batun lanƙwasar ya shigo. Tsirkiyoyinka biyu a kan jaki ɗaya suke, jakin kuma a kan fata yake tsaye. Kamar mutum biyu ne zaune a gadon igiya guda, in ɗaya ya ƙara nauyi gadon ya lotsa da su duka. Duk lokacin da ka ƙara wa babbar tsirkiya ja, jaki ya ƙara nutsewa, ƙaramar ta ɗan saki. Shi ya sa mai koyo yake ganin kamar garaya na wasa da hankalinsa: ya gyara wannan, waccan ta tafi. Ka fara da babbar, ka koma ƙaramar, ka dawo babbar, ka sake duba ƙaramar. Kowane zagaye gyaran yana raguwa, har su daidaita.

Ita tsirkiya maganarta gajera ce. In zaren fatsa na roba ka ɗaura, kamar yadda yawancin makaɗa ke yi yanzu, sabo ne ke ba da wahala, domin yakan yi kwanaki yana miƙewa. Kada ka sauya tsirkiya ranar da za ka fita wasa. Ka ɗaura ta tun saura kwanaki, ka riƙa ɗan janta da yatsa kana sake saitawa safe da yamma. In ta izgar doki ce, ita kuma iska take bi. Gashi yana ƙara tsawo in ya sha laima, ya tsuke in ya bushe, har wani masanin ƙasar Siwizalan, Saussure, ya ƙera ma'aunin laima da silin gashin mutum a 1783. Masu goge da kukuma sun fi kowa sanin wannan. Tsirkiyar waya kuwa ba ruwanta da laima, zafi ne ke sassauta ta, ga tsatsa da damina, ga kuma cin jaki.

Fata ce babbar magana, kuma a ƙasarku ta fi girma. Tsakanin Disamba da Fabrairu iskar yammacin Katsina takan bushe har laimarta ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa, lokacin marka, sai ta cika taf. Fatar garaya tana shan wannan laima tana amayarwa. Da damina takan yi laushi, jaki ya nutse, tsirkiya ta saki, amon ya dushe. Wannan ita ce murar da ka ambata. Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne su yi ta tura ɗauri gaba suna bin muryar. Sai jaki ya ƙara nutsewa, ya yi wa fatar rami, ramin kuma ba ya tashi ko rani ya zo. Fatar za ka fara gyarawa. Ka cire jaki ko ka kwantar da shi, ka kara fuskar garayar a gefen garwashi, ba harshen wuta ba, daga nesa inda bayan hannunka zai iya jurewa ba ka janye ba. Kana juya ta kana ƙwanƙwasa fatar da yatsa. Za ka ji amon yana tashi daga bif-bif zuwa tantan. Da ka ji tantan ka janye, ka bari ta huce kaɗan, sannan ka tayar da jaki ka saita. In ka saita ta da zafinta, tana hucewa za ta sauka. A wasan dare kuma raɓa na faɗuwa tun kafin ka ankara, don haka ka nemi zama kusa da inda aka hura wuta, ka kuma rufe fuskar garayar da mayafi duk lokacin da aka tsaya kirari ko cin abinci.

Da hunturu abin juyawa yake yi. Fata ta tsuke, ta ɗaga jaki, murya ta hau da kanta. A nan haɗarin ya fi na damina, domin fatar da ta yi laushi tana dawowa, wadda ta tsage kuwa shi ke nan. Tsagewar takan faro daga bakin ramin da ke fuskar garayar ko daga inda aka kafe fatar. Da zarar iskar gabas ta fara kaɗawa, duk dare ka kwantar da jaki kafin ka rataye ta. Kada ka bar ta a rana, kada ka ɗaure ta a bayan babur tsirara ka nufi Batsari ko Katsina da tsakar rana, kada kuma ka soke ta a rufin kwano da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa ma. A ɗinka mata jakar yadi mai kauri. Leda ba ta dace ba, gumi take tarawa, da damina ta jawo funfuna. Ka rataye ta a tsakiyar ɗaki nesa da bangon ƙasa, saboda danshi da gara da ɓera.

Sai batun manhajar wayarka. Allurar ba za ta tsaya ba, kuma ba laifinka ba ne. Tsirkiyar da aka ɗana takan fara da ɗan tsini sannan ta sauko yayin da amon ke mutuwa, ga kuma ɗan ƙarfen nan mai zobba da ke bakin gora yana kacau-kacau yana rikita na'urar. Ka cire shi in za ka auna. Amma abin da na fi so ka gane ya wuce wannan. Manhajar an gina ta ne a kan ma'aunin Turai, inda aka tsayar da murya ɗaya a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, aka raba zango gida 12 daidai wa daida, kowane gida kuma aka sake raba shi 100. Garaya ba a kan wannan aka haife ta ba. Kiɗanmu galibi a kan muryoyi 5 yake tafiya a cikin zango, tsayinsa kuma maƙogwaron mawaƙi ne ke yanke shi. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu, Haruna Uji da gurminsa, kowannensu wurin da muryarsa ta fi zama ya kai tsirkiyarsa. Abin da zai ba ka mamaki, su ma masu jitar feda da yawansu ba sa bin allurar sau da ƙafa. Akwai tazarar da rabon 12 ɗin nan yake kai wa 400, alhali inda kunne ya fi jin ta lafa 386 ne. Sai su sauko da wasu tsirkiyoyin ƙasa da abin da na'ura ta ce, da gangan, don amon ya daina rawa.

A wurinka abin da ya fi tsayin murya muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiyoyin biyu. Garayar mafarauta magana take yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, taken kowane maharbi kuma hawa da saukar kalmominsa ne tsirkiya ke kwaikwayo. In duka biyun suka sauka tare da damina, taken yana nan, mai shi zai ji ya zabura. In ɗaya ta sauka ta bar ɗaya, taken ya karye, sai ka yi ta bugu mutumin na zaune yana kallonka bai san da shi kake ba. Wannan tazarar ba ta cikin kowace manhaja. Tana kunnen waɗanda suka yi yawo da kawu. Ka nemi 'yan amshinsa da tsofaffin mafarautan da ya yi wa kiɗa, ka gaishe su yadda ya kamata, ka zauna ka saita a gabansu har su ce haka take. In akwai wanda ya taɓa ɗaukar kawu a kaset ko a waya, ka roƙa a tura maka. Ranar da suka amince, to a nan wayarka za ta yi amfani: ka ɗauki amon kowace tsirkiya ita kaɗai, da kuma su biyu tare, ka rubuta harafin da lambar da manhajar ta nuna ko da ba a tsakiya allurar take ba. Daga ranar ka samu abin komawa. Ina roƙonka kada ka jinkirta wannan. Rashin zaman lafiya ya tarwatsa ƙauyuka da dama a gefen dajin Rugu, tsofaffin da suka san waɗannan take sun watsu a garuruwa, kuma ba ƙaruwa suke yi ba.

Maɓallan jita fa? Ba haramun ba ne, an kuma yi irinsa a wani wuri. Kora ta ƙasashen Mali da Senegal da Gambiya tsirkiya 21 gare ta, kowace da zoben fata a jikin sanda kamar naka. Masu ibadar Kirista na Keur Moussa, kusa da Dakar, su suka shahara da ƙera ta da maɓallai, yau kuma makaɗa da yawa irin wannan suke riƙewa, wasu kuwa har gobe suna kan zoben fata don sun fi son amonsa. Sai dai maɓalli matsalar ɗauri kaɗai yake warwarewa. Fata za ta ci gaba da bin damina da hunturu, jaki zai ci gaba da nutsewa. Ga shi gorar garaya siririya ce kuma zagayayya, huda ta na iya tsaga ta, nauyin ƙarfe a kai kuma zai rinjayi hannunka na hagu. Shawarata ita ce kada a taɓa ta kawu da abin huji. In kana sha'awar gwadawa, a sassaƙa maka wata sabuwa mai gora mai kauri, a sa mata maɓallan, ka riƙa fita da ita wasan biki da inda ake haɗa ka da masu jita ko fiyano, inda dole ka bi ma'auninsu.

Ranar da fatar ta gaji kuwa, za ka gane: gasawa ba za ta ƙara tayar da ita ba, ko ramin jaki ya ƙi cikewa. An fi yabon fatar gada, amma shiga daji neman ta a wannan zamani ba abin da zan sa ka ba ne, fatar akuya marar kauri tana yin aikin. Ka kai wa wanda ya saba rufa ganga ko kalangu, ka roƙe shi ya bar ta ta bushe a inuwa. Lokacin yin aikin ma ka zaɓa. Wadda aka ja ta yi tantan a tsakiyar marka tana iya fashewa da hunturun farko, wadda aka rufa a tsakiyar hunturu kuma takan kwanta sosai da damina. Ni da kaka zan kai, wajen watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin iska ta bushe. Kafin a cire tsohuwar fatar, ka auna nisan mazaunin jaki daga gindin garayar da zare, ka ƙulla alama, ka adana zaren a jakarka tare da tsirkiya biyu na ko-ta-kwana da ɗan ƙunshin ƙaro.